Kwanon da ke Komawa Gida: Guzurin Ɗan Makaranta da na Mai Fita Nema

Jama'a masu sauraro, ga mu a shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar iyali da tsabtar muhalli. Uwargida da ke gaban murhu, maigida da ke hanyar kasuwa ko ofis, malam da ke shirin shiga aji, direba da ke tasha yana jiran lodi, duk ina gaishe ku. Yau zancenmu a kan abincin da ake fita da shi daga gida ne, wanda yaro ke tafiya da shi makaranta, da wanda babba ke tafiya da shi wurin nema.

Duk mai son ya san abin da 'ya'yanmu ke ci da rana, ba sai ya tambayi kowa ba. Ya je bakin ƙofar wata firamare, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, bayan an koma aji daga tara, ya dubi ƙasa. Ga ledar biskit, ga ta alawa, ga ta fiya wata an tsotse an yar. Ga ledar ƙanƙara mai launin ja ko shuɗi, wadda ta rine wa yaro harshe. Ga farar leda ta yi naso da man awara ko na taliya. Iska ta kwashi wasu ta rataye a jikin ƙaya, sauran sun gangara kwata. Abin da kuɗin taran da muka miƙa da safe suka saya ke nan. Kuɗin sun bar aljihunmu, sukarin ya shiga cikin yaro, ledar ta zauna mana a unguwa, kuma kafin azahar yaron ya dawo gida yana hamma don yunwa.

Ban ga laifin uwar da ta miƙa kuɗin tara ba. Safiyar gidan yara, wanda ya sani ya sani: wannan bai ga takalminsa ba, wancan bai yi wanka ba, ga jariri yana kuka. Masu talla a bakin makaranta su ma halaliyarsu suke nema. Amma akwai alƙaluman da ya kamata mu saurara da kunnen basira. Babban binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma gano kashi 68 cikin 100 na ƙananan yara suna da ƙarancin jini. To waɗannan yaran da aka auna a wancan lokacin, su ne suka girma suka cika mana azuzuwa. Yaro mai ƙarancin jini saurin gajiya gare shi, hankalinsa ba ya tsayawa a kan allo, sai a yi ta ce masa daƙiƙi, alhali cikinsa ne ke da magana. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare a 2016, domin 'yan aji ɗaya zuwa uku na makarantun gwamnati, amma shirin bai taɓa kaiwa ga dukan yara ba, bai kuma tafi ba tare da tsaiko ba. Nauyin dai yana nan a wuyanmu.

Abin da nake son in tabbatar muku yau shi ne, guzurin da ya fi gina jikin yaro, shi ne kuma wanda ya fi barin unguwa da tsabta. Ba aiki biyu ba ne. Abinci ne daga tukunyar gida, na amfanin gonarmu, a cikin kwanon da zai je ya dawo.

Mu fara da abin da za a zuba a kwanon. Idan uwargida ta buɗe shi kafin ta rufe, ta tambayi kanta: akwai abin riƙe ciki? Akwai abin gina jiki? Akwai ganye ko ɗan itace? Na farkon ba ma rasa shi, don mu mutanen hatsi ne. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, dankali, doya, rogo, duk suna nan. Inda muke faɗuwa shi ne na biyu da na uku. Sai ka ga an zuba wa yaro farar taliya da mai da yaji, ko burodi da ruwan shayi, a ce an sallame shi. Ya ƙoshi a ido, amma jikinsa bai sami abin da zai yi tsoka da jini ba.

Da an ce abin gina jiki sai hankalin mutane ya tafi kan nama, su ce ai ba hali. Alhali wake yana nan. A duk duniya babu ƙasar da ta kai Najeriya noman irin waken nan namu, Jamhuriyar Nijar ce ke bi mata. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau a Kano ya ga buhunansa jibge har sama, ya san Allah ya yi mana baiwa. Wake da shinkafa, alale, ƙosai, ɗanwake, faten wake, dambu da aka watsa wa dafaffen wake: mako guda za a yi ba a maimaita ba. Kuma haɗa wake da hatsi hikima ce babba, don abin da hatsi ya gaza da shi na gina jiki, wake yana cikasawa, abin da wake ya gaza da shi kuma hatsi ya cikasa. Biskit da lemon kwalba wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta mutu nan take. Wake kuwa gawayi ne, a hankali yake ci har a tashi daga makaranta. Ga shi kuma shukar wake tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, shi ya sa manoma ke sa shi tsakanin gero da dawa, harawarsa kuma ta zama abincin dabbobi. Bayan wake akwai awarar waken suya, akwai dafaffen ƙwai, akwai busasshen kifi da za a marmashe a cikin dambu bayan an tsince ƙayarsa, akwai gyaɗa da ƙuli-ƙuli da riɗi.

Bari in ɗan tsaya a kan kwaɗon zogale, don a ganina ba mu ba shi matsayin da ya kamata ba. A tsinke ganyen daga itacen da ke tsakar gida, a wanke, a dafa shi sama-sama, kada a bari ya yi lugub har korensa ya dushe. A matse ruwan. A daka ƙuli-ƙuli ya yi laushi, a yanka albasa da tumatir, ɗan gishiri, ɗan yaji daidai bakin yaro, a ɗiga man gyaɗa, a cakuɗa. A gefensa a sa dafaffen dankali ko 'yar gurasa. Wannan ɗan kwanon yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da bitamin A mai kare ido, da abin gina jiki daga ƙuli. Ɗigon man nan ma ba ado ba ne, jiki ba ya iya jan bitamin A sosai sai da maiƙo. In babu zogale, rama tana yi, tafasa tana yi, alayyahu yana yi. In kuma kun ga dankalin Hausa mai launin lemo a ciki a kasuwa, ku saya. Launin nan alamar bitamin A ce, kuma yara suna son zaƙinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana. Kada wannan ya tsorata kowa, ba a ce sai tuffa da inabin da aka ɗauko daga wata ƙasa ba. Kowane lokaci da abin da yake kawowa. Da bazara mangwaro har zubewa yake yi a ƙasa. Lokacin sanyi ga lemo, ga karas da kabeji da latas daga lambunan rani. Ga gwaiba, ga gwanda, ga kankana, ga yalo, ga gurji. Ga kuma 'ya'yan itatuwan dajinmu da yaran birni suka fara mantawa: magarya, kanya, ɗinya, goruba, 'ya'yan kuka. Abin da ke cikin kakarsa shi ne mai araha, shi ne sabo, kuma bai sha doguwar tafiya a mota ana ƙona mai ba. Ayaba da lemo kuwa da rigarsu suka zo duniya, ba su buƙatar leda.

Akwai wani sirri a nan da nake son iyaye mata su riƙe. Sinadarin ƙarfen da ke cikin wake da ganye, jiki ba ya jan sa da sauƙi. Amma idan aka ci shi tare da abu mai bitamin C, irin su lemo, gwaiba, ɗanyen tumatir ko 'ya'yan kuka, sai jiki ya ja shi fiye da da. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare shi. Saboda haka ranar da aka zuba wake, a jefa lemo guda a jaka, shayin kuma a ba shi tazara da abinci.

Gyaɗa tana son a yi mata gargaɗi biyu. Duk wadda ta yi funfuna, ko ta yamutse, ko ta yi ɗaci a baki, a zubar. Funfunar gyaɗa da masara tana haifar da wata guba da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga sankara, kuma suya ko dafuwa ba sa kawar da ita. Na biyu, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kada a ba shi gyaɗa ko aya guda-guda ya tafi da ita, tana iya sarƙe shi. A niƙa ko a daka masa.

Sai abin sha. Ruwa ne kan gaba, kuma ba shi da na biyu. A tafasa shi ko a tabbatar da tsabtarsa, a zuba a gorar da za a riƙa wankewa kullum. Yaron da ke shan fiya wata biyu a rana, a zangon karatu ɗaya kaɗai ya yar da leda sama da ɗari. Ku lissafa da yawan yaran makarantar. Game da sukari kuwa, tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da ya fi shi ne babban mutum ya tsaya a wajen giram 25 a rana, kimanin ƙaramin cokali shida, na yaro kuma bai kai haka ba. Robar lemon kwalba mai rabin lita ɗaya tana iya ɗaukar fiye da cokali goma. Ƙananan kwalayen nan masu hoton 'ya'yan itace a jiki, yawancinsu ruwa ne da sukari da ƙamshi. Ku juya bayan kwalin ku karanta, ku duba lambar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, da ranar lalacewa. Gwamnatin Najeriya ma ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021, saboda ciwon sukari da ƙiba da ke ƙaruwa. In ana son abu mai ɗanɗano, ga zoɓo da citta da kanumfari, ga ruwan tsamiya, ga kunun gyaɗa. Sai dai zoɓon da aka antaya wa sukari har cokali ya tsaya, bai fi na kwalba da komai ba. A rage hannu, a ɗanɗana da dabino.

Gishiri ma haka. Ƙasa da giram 5 a rana aka ce wa babba, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen magi da garin da ke zuwa a ledar taliyar yara. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba da ɗanɗanon da zai sa a rage dunƙule. Harshen da ya saba da gishiri tun yana ƙarami, da shi zai girma, hawan jini kuma yana jira a gaba.

Masu sauraro, in yanzu kuka kamo mu, muna tattaunawa ne kan guzurin makaranta da na wurin aiki. Yanzu kuma mun zo gaɓar da na fi so a buɗe kunne, don abinci mai kyau yana iya zama cuta tsakanin safe da azahar.

Ƙasarmu ƙasar zafi ce. A watan Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai sukan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ƙwayoyin cuta kuwa sun fi hayayyafa a abinci tsakanin digiri 5 da digiri 60, wato abincin da ba shi da sanyin firij, ba shi kuma da zafin tukunya. Ƙa'idar da masana lafiya suka bayar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan. To ku lissafa: an zuba ƙarfe bakwai na safe, za a ci ƙarfe ɗaya na rana, a cikin jakar da ta wuni a aji mai rufin kwano. Shinkafa ta fi kowa haɗari a nan. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ita tun daga gona, dafuwa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta huce ta daɗe a ajiye, sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba guba, kuma ɗumamawa ba ya karya wannan gubar. Yaro ya dawo da amai, a ce sammu ne ko shawara, alhali shinkafar jiya ce da ta kwana a tukunya.

Mafita tana nan. In abinci mai laima ne, shinkafa ko fate ko ɗanwake, a dafa shi da safen nan, a zuba shi da tururinsa a cikin kula mai riƙe zafi. Kafin a zuba, a cika kular da tafasasshen ruwa, a rufe na 'yan mintuna, a juye. Hakan yana sa ta daɗe da zafi. In babu kula, a gaya wa yaro ya cinye mai laimar a tara ta farko, kada ya ajiye sai an tashi. Abin da za a bari na can da rana ya zama mai jure zafi: gurasa da garin ƙuli a ƙulle daban, soyayyar gyaɗa, dabino, busasshiyar aya, kantun riɗi, dakuwa, dambun nama, ko ɗan itacen da ba a yanka ba. Da irin wannan guzurin fatake suka riƙa keta daji zuwa Gwanja fataucin goro, ba firij ba kula. Kankana ko gwanda da aka yanka, da kwaɗon da aka riga aka haɗa, da dafaffen ƙwai, duk na ci da wuri ne. Kunun aya saurin lalacewa gare shi, kada ya wuni a jaka. Fura kuma a dama ta da nonon da aka tafasa madararsa kafin a kwantar, don ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar da ke jikin saniya. Gidan da ke da wuta, a daskarar da gorar ruwa da dare, a jingina ta da kwanon. Tana sanyaya abinci, kafin rana kuma ta narke a sha.

Gidan da babu wuta ma ba a bar shi a baya ba wajen adana ganye da tumatir na guzurin mako. Wani malami daga jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yana ƙafewa, cikin yana sanyi. Wannan aikin ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dabarar tana sa kayan lambu su yi kwanaki ba su yi yaushi ba, amma sanyinta bai kai a ajiye dafaffen abinci a ciki ba, kada a haɗa biyun.

Kuma duk wannan ɗawainiya tana iya rushewa a hannun da ba a wanke ba. Mai zubawa ta wanke hannu da sabulu, mai ci ya wanke kafin ya buɗe kwano. A sa wa yaro cokali. Da damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, wannan ba abin wasa ba ne.

To, mu zo kan mazubi. Leda ta shige mana rayuwa har mun manta da yadda muke kafin ta. Koko mai zafi a leda, miya a leda, alale a ƙulla shi a leda a jefa cikin tafasasshen ruwa. Zafi da maiƙo suna ƙara yawan sinadaran da ke fita daga roba su shiga abinci, wannan sanannen abu ne a wurin masana. Me ya kai mu? Ga ƙananan kofunan silba, ga ganyen alale da ake kawowa daga kudu, ga ganyen ayaba, wanda har ƙamshi yake ƙara wa alale. Takardar jarida da ake naɗe ƙosai da tsire ita ma tawadarta tana bin mai ta shiga abinci. Wanda ya fi duka shi ne kwanon silba mai murfi, irin mai hawa biyu ko uku, wanda za a raba shinkafa da ganye da ɗan itace. Sau ɗaya za a saya, wa ya gama da shi ya bar wa ƙane. In na roba ne ke gida, a yi amfani da shi har ya tsufa, amma ya zama mai kauri da aka yi domin abinci, a bar abinci ya ɗan sha iska kafin a zuba, in kuma ya tsage ko ya kankare a canza masa aiki. A ɗaure kwanon da ɗankwali mai tsabta, ko tela ya ɗinka 'yar jaka da ragowar yadi. A rubuta sunan yaro a gindin kwanon, don ɓatan kwano na daga cikin abin da ke sa iyaye su koma wa leda.

Wanda ke ganin leda ba ta da wata illa, ya je mahauta ya tsaya inda ake wanke kayan ciki. Zai ga an farka tumbin saniya ko na akuya, maimakon ciyawa sai a zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, leda ce ta nannaɗe da igiya da tsumma ta yi tauri, sai an sa hannu biyu kafin a ɗaga. Dabbar ta daɗe tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, bai san cikinta ya cushe ba. Ƙanshin mai da gishirin da ke jikin ledar abinci shi ke jan dabba ta haɗiye. Akuyar nan kuwa wataƙila ita ce jarin wata baiwar Allah da ke kiwo a ɗaka. Ledar da dabba ba ta ci ba ta toshe magudanar ruwa, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje, wanda ya kwanta kuma sauro ya yi ƙwai a ciki. Wadda aka kwashe da takin bola ta tafi gona, manomi ya yi ta tsinta a bakin garma shekara da shekaru, don ba ta ruɓewa, sai dai ta marmashe ta gauraye da ƙasa. In an ce a ƙona, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara da tsofaffi da masu asma.

Hukumomi sun fara farkawa. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Jamhuriyar Nijar ta yi dokarta a 2014. Jihar Legas ta haramta farar robar nan mai kumfa ta zuba abincin sayarwa a watan Janairun 2024. Amma doka takan tsaya a takarda in mutane ba su sami abin da zai maye gurbi ba. Mu kuwa muna da shi a cikin kwandon wanke-wanke. Maigida mai sayen abinci a wurin aiki, ko ba a dafa maka a gida ba, tafi da kwanonka ka miƙa wa mai abinci ta zuba. Ka rage mata kuɗin roba, ka rage wa gari shara.

A zuba wa yaro daidai cikinsa. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa a duniya asararsa ake yi, addininmu da al'adarmu kuma duk sun yi hani da almubazzaranci. A ce wa yaro ya dawo da abin da ya rage a cikin kwanon, ɓawo da duka. Daga nan uwa za ta gane abin da yake ci da wanda yake turewa. Ɓawon ayaba da na dankali na akuya ne, ragowar hatsi na kaji, sauran a rami ya zama takin zogalen tsakar gida.

Na san abin da wata ke faɗa yanzu a gaban rediyonta: malam, ina lokacin, ina kuma kuɗin? Tambaya ce ta gaskiya. Rabin aikin da dare ake yin sa. A surfa wake a shanya a niƙa gari, wanda zai yi kwanaki ana ɗiba ana alale ko ƙosai. A daka garin ƙuli a cika kwalba. A soya gyaɗar mako a rufe. Da safe, tukunyar da za a yi karin kumallo ita za a ƙara wa hannu, ba sai an ɗora ta biyu ba, itace ko gas ɗin ma an rage. Batun kuɗi kuwa, a tara kuɗin taran yara na mako ɗaya wuri guda, a je kasuwa a ga mudu nawa na wake zai saya. Ku gwada da kanku, kada ku tsaya a kan maganata.

Maigida, da kai nake yanzu. Wannan ba aikin uwargida ba ne ita kaɗai. Kai ke cefane, kai za ka biya ta wurin masu lemo da gwaiba a hanyarka ta dawowa, kai za ka sayi kula da gora. Yara da suka tasa, maza da mata, su wanke kwanonsu da kansu da sun dawo, su kife ya bushe, su cika gorarsu. Yaron da aka tambaya me yake so gobe, alale ko dambu, ya fi cinye abin da aka zuba masa. Wani yaron kuma kunya yake ji ya buɗe ɗanwake a gaban abokin da ya zo da biskit mai kwali. A nan sai malamai sun shigo. In malam ya zauna da nasa kwanon a gaban 'yan aji yana cin dambunsa, ya yaba wa wadda ta zo da zogale, kunyar za ta koma ɗaya ɓangaren. A kuma kula da wanda ya zo hannu rabbana. Uwar da ke da hali ta ƙara ƙosai biyu saboda shi, ba tare da an tozarta kowa ba.

Ina roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai, na boko da na Islamiyya, su sa wannan batu a taronsu na gaba. A ajiye randa ko tanki na ruwa mai tsabta inda yara za su cika gora, a sa buta da sabulu a bakin aji, a ware inuwar da za a riƙa ajiye kwanuka, a kuma zauna da masu talla a nemi su riƙa zuba wa yara a kwanonsu. Iyaye kuma, kada a jira sai an sayi sabon abu. A duba cikin kayan gida yau da daddare, a fito da kwano mai murfi guda, a wanke, gobe ɗanku ya fita da shi.

 Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, ya hore wa iyaye abin ciyarwa.